Makarar Ƙarfen Masallacinmu

Har yau idan na ji ƙarar ruwa a kan ƙarfe mai zafi, wannan cuuu ɗin da ke tashi da tururi, sai na tuna da makarar masallacinmu. Ni mai walda ne a Karaye, kullum ina cikin wuta da ƙarfe, amma wannan ƙara ban taɓa sabawa da ita ba.

A ƙauyenmu, can wajen Fulatan, makarar gwangwala muke da ita tun ina ƙarami, tana jingine a bayan masallaci. Wata shekara da gyaɗa ta yi kyau, baffana, yayan mahaifina, ya ce abin kunya ne gari kamar namu yana ɗaukar mamaci a kan itace. Shi zai yi ta ƙarfe, sadaka. Ranar kasuwa ya ɗora ni a bayan babur muka tafi wurin wani mai walda.

Baffa yana sauri, yana so ya shiga gari da ita kafin la'asar, lokacin da dattawa ke zaune a ƙofar masallaci. Mai waldan kuwa da ya ɗinke gaɓa ɗaya sai ya kwara mata ruwa daga buta, ya wuce ta gaba. Inda wuta ta huda bututun ƙarfen, ya cusa foti, ƙullun nan da ake cike ramin jikin mota da shi, ya shafe da yatsa, ya bi da koren fenti. Baffa yana tsaye yana kallo. Da muka iso aka yi ta sa masa albarka, yana sunkuyar da kai kamar ba ya so.

Da damina kakata ta rasu, mahaifiyar baffa da mahaifina. Ita ce take ɓoye min ƙanzo a ƙwarya idan na makara a gona. Ina biye da mutane a kan hanyar maƙabarta, ƙasa ta jiƙe, dawa ta kai ƙirji, sai na ji ƙas. Hannun makarar na gaba ya ɓalle. Gawar ta zame, mahaifina ya tare ta da ƙirjinsa ya durƙusa cikin taɓo, gefen likkafanin ya ɓaci da laka. Aka ɗauki salati. A tabarma aka ƙarasa da ita.

Na tsinci guntun hannun. Waldar tana nan daram, gefenta ne ya karye, bakin karayar yana ƙyalli, tsaki-tsaki kamar gishiri. Sai da na shiga sana'ar na gane abin da na riƙe a ranar. Wutar walda ba ta tsayawa inda aka ɗinke. Tana dafa ƙarfen da ke kewaye, ƙwayoyin cikinsa su yi girma, idan kuma aka sanyaya shi da gaggawa sai ya yi tauri marar juriya, ya daina lanƙwasa, ya koma karyewa. Daga waje ba ka ganin komai.

A zaman makoki na ji baffa yana gaya wa baƙi cewa ƙaddara ce, ƙarfen zamani ba shi da albarka. Mahaifina, wanda bai ɗaga masa murya ba tun tasowarsu, ya nuna ni ya ce a hankali, "Yaya, yaron nan ya ce kana wurin da aka yi waldar." Baffa ya miƙa hannu ya ɗebi gumba ya ci gaba da ci. Na tashi na fita.

Yanzu duk sun rasu. Gidajen ƙauyen sun koma ƙofofin ƙarfe masu sheƙi, da yawansu fenti ne ke riƙe da su. Bara na je gida na tarar wani mai neman kujera ya ba masallaci sabuwar makara, da sunansa a jiki. Na kankare gaɓa ɗaya da makullin babur, foti ya zubo kamar alli. Na ɗaure ta a mota na kawo rumfata, na shiga sake ɗinke gaɓoɓinta ba tare da kwara mata ruwa ba. Liman ya aiko a tambaye ni yaushe zan mayar, na ce a gaya wa Malam sai ta huce da kanta.