Gudajin da Ya Kai Ni Kurkuku

Kafin a kira ni ɓarawo, ni mai tuƙa injin kwaɓa siminti ne a Kontagora, zamanin mulkin soja. Wani kamfani ya ɗauke ni aikin gina tankin ruwa a wani ƙauye kan hanyar Mashegu.

Injiniyanmu, mutum mai shegen iyayi, ya kawo wani gari kamar toka, wai shi ke hana kankare yoyo. Ya ce mini, "Garin nan dunƙulewa yake yi. Zuba shi tare da tsakuwa, ka bar inji ya yi ta juyawa har ya baje. In ka gajarta, tuwo mai gudaji za ka tuƙa mana."

Na ji haushinsa, yaron jiya zai koya mini aikina. Dogon juyi kuwa man gas yake sha. Da injiniyan ya ba da baya sai in kashe inji, in tsiyaye man in kai wa masu injin niƙa. Daga galan guda har na kai jarka.

Bawa magini ya ga ƙulalai a kwaɓin, ya ce, "Maigida, wannan bai haɗu ba." Na ce ya kama bakinsa, ba shi ya ɗauke ni aiki ba.

Ranar da aka cika tankin, bango ya tsage ya faɗo, kuma Bawa ne a ƙarƙashinsa. Aka yanke masa ƙafa. A kotu injiniya ya farfasa kankaren, ga gudajin gari nan a bushe. Masu niƙan da suka sha arha, munafukai, su suka fara ba da shaida a kaina. Na yi shekara huɗu a ɗaure.

Da na fito na tuba, na je neman gafara. Bawa na zaune, sanduna a gefensa. Ya ce, "Alƙali ya sake ka, ni ban sake ka ba. Tashi ka ba ni wuri."

Ku samarin da ke cewa ɗan abin da aka rage ba ya kisa, ƙarya kuke yi, ni ma haka na ce a da. In an ba ku amana ku cika ta. Ni da ƙafafuna biyu nake yawo, amma har yau ba na iya bi ta ƙofar gidan Bawa.