Fitilar da Ta Ƙi Kamawa

Mijinyawa tela ne a Tawa, farin da aka yi a zamanin soja ya koro shi Yamai, ya koma gyaran radiyo a unguwar Harobanda. Ya haɗa wa Bawa, mai kaɗa gita, akwatin sauya murya da ake takawa da ƙafa. Murya ta fito, amma jar fitilar akwatin ta ƙi kamawa. Kwana uku Mijinyawa yana canza pil, wato batir, yana tsaki.

Bawa ya leƙa ya ce, "Malam, ƙafar fitilar ɗaya ta fi tsawo, ita ake haɗawa da jar waya. Ina take?"

Ashe Mijinyawa ya datse ƙafafun biyu daidai, kamar ƙafar wando. Ya juya fitilar, ta kama.

"Ni na bar ɗinki," in ji shi, "hannuna ne bai bari ba."