Waɗanda Yaya Take Zubarwa

Yayata ta yi shekara tara tana wankin hoto kafin wayar hannu ta kashe sana'ar. Daga nan ta samu aikin wanke kwalabe a wani ɗakin gwaji inda ake neman yin faifan sola da wani sinadari mai suna ferobskayit. Ni ma ita ta jawo ni wurin, ɓangaren wanke gilashi, don haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Aikin yana da sauƙin bayani, yin sa ne wahala. Ana ɗora gilashi ɗan ƙarami kamar farcen babban yatsa a kan inji mai juyawa, a ɗiga masa ruwan sinadarin, rawaya shar. Yana cikin juyawa sai a ɗiga wani ruwa na biyu. In aka yi gaggawa da daƙiƙa biyu ya lalace, in aka makara ya lalace. Wanda aka yi daidai, da an gasa shi sai ya koma baƙi-baƙi yana sheƙi, ya riƙa mai da hasken rana wuta.

Masu digirin da ke wannan aikin, agogo suke kallo kafin su ɗiga ruwa na biyun. Wata rana mai aikin bai zo ba, Dokta, shugaban ɗakin, ya ce Yaya ta gwada. Ita kuwa launi ta kalla, kamar yadda ta saba a wankin hoto. Da aka auna nata, Dokta sai da ya sake aunawa. Tun daga ranar ake kiranta Mai Hannu, kuma shekara shida duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gan ta. Yaya ba mai surutu ba ce, amma tana son sunan nan, kada ma ta yi musu. In mijinta ya tsokane ta da shi sai ta haɗe rai na ƙarya ta shige ɗaki.

Sai kamfanin ya koma babban gini don a fara yin faifan da za a sayar. Gilashin yanzu ya kai girman ƙofa, ba ya juyuwa, sai dai inji ya shimfiɗa masa ruwan daga wannan baki zuwa wancan, iska ta busar. Aka ɗauko Injiniya, wani dattijo mai haƙuri, ya haɗa injin. Wata bakwai faifan yana fitowa da tabo da ƙananan huji kamar na allura, kuma huji ɗaya ya isa ya rage ƙarfin wutar layi guda na faifan. Dokta ya ce haɗin sinadarin ba shi da laifi, ga sakamakon shekara shida a rubuce, don haka injin ne. Injiniya ya kwance ya ɗaura har ya rame. A ƙarshe aka ba shi zuwa ƙarshen wata, in bai gyaru ba ya tattara kayansa.

A ɗakin canza kaya Yaya ta faɗa mini, lokacin hutun rana. Ta ce duk sanda ta yi guda talatin, kusan ashirin a kwandon shara suke ƙarewa kafin a kai su awo. Da ido take gane marar kyau, sai ta zubar. Ba ɓoyewa ta yi niyya ba. A shagon hoto ba a miƙa wa mutum hoton da ya ɓaci, sake wankewa ake yi, kuma a nan ma babu wanda ya taɓa tambayarta nawa ta zubar. Amma gilashi mai girman ƙofa ba a tsince masa wurin da ya yi kyau.

Wallahi raina ya ɓaci, kuma ba don Injiniya ba. Na ce ta ja bakinta ta yi shiru. Wa ya aike ta? Masu karatun ne ya kamata su tambaya, ba su tambaya ba, su ta shafa. Ta bar ni na gama faɗana tana ɗaura takalmi.

Ranar Litinin da safe ta roƙi Dokta da Injiniya su tsaya su kalla. Ta yi ƙananan nan guda talatin a gabansu, ba ta zubar da ko ɗaya ba, ta jera su a faranti. Tara ne masu kyau.

Dokta ya daɗe yana kallon farantin, sannan ya ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ranar farko, ranka ya daɗe."

Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ofis kawai ya shige. Injiniya kuwa ya nemi a ba shi ashirin da ɗayan nan, ya ɗauke su da hannu biyu. Daga cikinsu aka gano cewa haɗin yana bushewa da sauri fiye da kima, aka canza shi. Har yanzu ba a gama ba, cikin faifai goma shida ke wucewa, amma Injiniya yana nan.

An mayar da Yaya ƙarshen layin aiki, inda ake duba faifan da suka fito. Tana tsaye gaban fitila, tana zagaye kowane tabo da alƙalami tana ba shi lamba. Sababbin ma'aikata Anti suke ce mata. Dokta yana amsa gaisuwarta, sai dai ba ya kawo mata baƙi. Ni abin yana ci mini rai har yau, don hannun nata na gaske ne, taran nan ma babu mai iya yin su sai ita.

Kwanan baya muna jiran mota na tambaye ta ko tana da-na-sani.

Ta ce, "Ina kewar sunan, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ba shi ne ke damuna ba. A wata na biyu na gane inda matsalar take, ƙanwata. Wata biyar na yi ina gaishe da Injiniya, bawan Allahn nan, kowace safiya."