Tafiya Goma Sha Ɗaya Don Keke Guda

Na san Dogo a shekarar 1978, shekarar da na bar aikin akawu a kamfanin sufuri na buɗe ɗan ofis a ƙasan wani bene, ina cika wa masu sana'a takardun haraji. Shagonsa na jikin nawa. Gyaran keken ɗinki yake yi, kuma duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya tashi da ɗigon mai a riga. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa biyu suna gidajensu. Ranar farko ya shigo da gwangwanin biskit cike da rasit, ya juye mini a tebur ya ce, "Malam Akawu, ga dukiyata."

Mu da muka yi makarantar mishan, sai da aka koya mana ja layi da rula kafin a bar mu mu rubuta lamba. Na ja masa layi a tsakiyar takarda, na ce tafiyar da ya yi don aiki, ana cire kuɗin mota da na masauki daga ribarsa kafin a yanka masa haraji. In ya haɗa da ziyara, kwanakin ziyarar daga aljihunsa ne.

Ya ce, "In na je sayen allura na biya na gaida gwaggona fa?"

Na ce, "Allurar tamu ce, gwaggon taka ce."

Ya yi dariya har da dukan cinya. Shekara huɗu muna haka lafiya lau. Da kansa yake rubutawa a bayan kowane rasit da fensir: kwana biyu aiki, kwana ɗaya gwaggo.

A shekara ta biyar na tarar da rasit goma sha ɗaya, duk na gari ɗaya, duk an rubuta "aiki", kuma duk a shagon wata tela guda.

Na ce, "Dogo, keke nawa matar nan take da shi?"

"Ɗaya."

"Ya lalace sau goma sha ɗaya?"

"Tsohon keke ne, Malam Akawu. Kai ma sau nawa ka je asibiti bana?"

Ban yi dariya ba. Tun da na fara aiki ba a taɓa maido mini da takarda don an ga ƙarya a ciki ba, kuma abin da nake ci da shi ke nan. Na gaya masa haka. Ya dube ni ya ce, "Ka taɓa kama ni da ƙarya?" Ban taɓa ba. Na sa hannu, amma wata da watanni gaisuwarmu ba ta wuce ina kwana ba.

Da damina ta wuce sai Dogo ya yi aure. Amaryar ita ce telar nan, mace mai fara'a, ita ma mijinta ya rasu. Ta zo da kekenta, aka ajiye shi bakin tagar shagon. Ina jin ƙararsa ta bango daga safe zuwa la'asar, bai taɓa tsayawa ba. Rannan ta kawo mini shayi, na ce, "Ƙanwata, iskar garin nan ta karɓi kekenki."

Ta rufe baki da gefen mayafi. "Yaya Akawu, sau uku ya lalace da gaske. Sauran, ni nake kwance ɗan noti in jefa a kwalin maɓallai, in aika a kira shi."

Dogo ya leƙo daga ƙofa. "Ita a ganinta ban sani ba. Shekara talatin ina gyara, zan kasa gane notin da aka kwance da hannu?"

Ta ce, "To me ya hana ka faɗa, sarkin sani?"

"In faɗa a daina kirana?"

Suka yi ta dariya, ni ma na taya su, amma shayin bai shiga ba. Tafiya takwas ta neman aure ce, ga hannuna a ƙasa na shaida cewa aiki ne. Washegari na sa kwat ɗina na tafi ofishin haraji don in faɗa da bakina, ko da za a daina karɓar takarda daga wurina.

Akawun da ke wurin ya ɗauko fayil ɗin Dogo, ya buɗe, ya juyo mini shi. A sama akwai rasit: an biya harajin tafiya takwas, har da tarar jinkiri, mako guda kafin auren. An maƙala wata 'yar takarda da allurar keke, da rubutun fensir: "Uku aiki ne, takwas tawa ce. Malam Akawu bai sani ba."

Na koma na sami Dogo zaune a bencinsa yana ɗura wa wani keke mai. Ya ce, "Ina aka je da kwat haka?" Na ce iska na sha. Ya matsa mini a benci, na zauna.