Abin da ya tada Sale ranar gobara

Ƙararrawar gobara tana ta ihu, hayaƙi ya cika matakala, muna tsaye a titi ba takalma, sai na lura babu Sale, abokin ɗakina.

Na koma sama da gudu, na tarar yana minshari. Mura ya kwaso a aikin Arfa, ya sha maganin nan mai sa barci bayan Azahar. Na girgiza shi, na ce wuta, ko motsi. Sai na tuna ba shi da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan, na kai baki kunnensa: "Masu duba iƙama sun iso."

Wallahi ya riga ni sauka.

Da aka kashe wutar, Baba Umar mai gadi ya ce, "Ya waladi, ɗana, maganin nan da giya duk ɗaya ne wajen barci. Ƙararrawa ba ta tada wanda ya sha."

Sale ya ce, "Giya a nan unguwar Hindawiyya, Baba? Ni da ko shayi sai an saya min?"

Muka yi dariya har da hawaye.

Garin nan ya cinye min ƙuruciya, amma yau tsoron takarda ya ceci rai. Ku fa, wace kalma ce za ta tada ku?