Hatimi Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Zoya Trofimovna ta shiga masana'antar jirage masu saukar ungulu tana da shekara goma sha tara, a zamanin da ake rufe fikafikan farfela da katako da zane. A gabanta aka koma liƙa fallayen ƙarfe da gam. Aikinta shi ne ta ɗauki 'yar guduma ta bi fiffike tun daga gindi har tsini tana ƙwanƙwasawa. Inda gam ya kama, ƙarar takan fito tas. Inda ya bar rami, sai ta dushe. Idan ta gamsu, sai ta buga hatiminta, mai lamba arba'in da bakwai, a takardar fiffiken. Ranar da jirgi ya faɗo, mai wannan lambar za a nema.

Ba wanda yake ƙaunarta, ita ma ba ta nema ba. A ɗakin cin abinci ita kaɗai take shan miyar kabejinta. Babban maƙiyinta shi ne Arkadi Lukich, shugaban sashen da take aiki, wanda ofis yake yanka wa adadin fikafikan da zai fitar kowane wata, ita kuwa tana mayar masa da su baya.

A shekararta ta talatin da biyu a wurin, kunnenta ya fara nauyi. Ta ɓoye, domin ta san ranar da aka gane za a karɓe hatimin. Ta koyi ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen tana jin rawarsa, kuma ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Amma Arkadi ya lura da hannun.

Ranar ƙarshe ta watan Nuwamba ta zagaye wani wuri da alli a jikin fiffike na uku.

"Wannan ma?" in ji Arkadi. "Zoya Trofimovna, ke da tausayi ko hanya ba ku haɗa ba."

"Rami ne, Arkadi Lukich. In ka matsu, ɗaura shi a gadon bayanka ka tashi da shi, mu huta."

Ma'aikata suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Da wane kunnen kika ji ramin?"

"Da wanda ya shekara ashirin yana jin ƙaryarka."

Ya ƙyale ta har ta sunkuya a kan fiffike na huɗu. Sannan ya tsaya taku uku a bayanta, ya ce, "Zoya Trofimovna, rigarki ta kama da wuta." Ba ta waiwaya ba. Ya maimaita. Sashen ya yi tsit, ita kuwa tana ta ƙwanƙwasawa. Sai da ta ɗaga kai ta ga fuskokin da ke gabanta ta gane an yi mata wani abu.

Likitan masana'anta ya tabbatar da kurumtar. Aka yanka fiffike na ukun, aka tarar da ramin daidai inda allinta ya zagaye, amma doka ta ce duba fiffike sai mai ji. Aka umarce ta da ta miƙa hatiminta ga shugaban sashe.

Kowa ya san hatimin da aka miƙa yakan yi makonni a aljihun tebur kafin a soke lambarsa, ga shi ƙarshen shekara ya matso, Arkadi yana neman fikafikai ido rufe, zai iya buga lambarta a takardar fiffike mai rami. Zoya ta wuce wurin injin wasa ƙarfe, ta danna fuskar hatimin a kan dutsen har lambar ta shafe. Ta ajiye masa shi da zafinsa.

"Ga shi. Buga."

"Kayan hukuma kika lalata, tsohuwar banza!"

"Rubuta a takarda, Arkadi Lukich. Kada ka wahalar da bakinka, ai ba na ji."

Ya kuwa rubuta, ya kai ƙararta ofis. Aka cire hotonta daga allon yabo, aka sallame ta ba ko shayin ban kwana. Shi ma bai cika adadinsa ba, a watan Janairu aka mayar da shi sashen fenti.

A bene ɗaya masana'antar ta ba su gidajen zama tun asali, ita a hawa na huɗu, shi a na biyu. Shekara goma sha ɗaya suka ƙara suna haɗuwa a matakala, kowa ya kawar da kai.