Sunan Mai Wutar Jirgi

Akwai wani kan jirgin ƙasa a bayan gidanmu. Ina cewa akwai, don har yanzu bakina bai saba da cewa babu ba. Baƙi ne, dogo, irin na da mai cin gawayi yana aman hayaƙi. Tun zuwan jiragen dizal aka tura shi kan wani guntun layi a gefen 'yar tasharmu ta ƙasar Makarfi, aka bar shi nan, ba wanda ya sake waiwayarsa. Malam, mai gidana, Allah ya jiƙansa, shi ne mai wutarsa. Direba na riƙe da jirgi, shi kuwa yana tsaye da shebur yana ɗura masa gawayi, daga Zariya har Kano, daga Kano har Zariya, ya dawo mini gida baƙi ƙirin, sai ido sai haƙori. Har ya koma ga Allah mutanen gari ba su san shi da wani suna ba sai mai wuta.

Da jirgi ya tsaya, shi ma ya tsaya. Ya koma noman rake, amma duk Juma'a kafin masallaci sai ya ɗauki tsumma da toka ya je ya goge tagullar da ke jikin jirgin. Bayan rasuwarsa ni na gaje shi. Ni ke share ƙarƙashi, ni ke korar awaki, a kan ƙarfensa nake shanya kuɓewa da barkono don yana riƙe zafin rana. Sau biyu 'yan gwangwan suka zo da guduma da zarto, sau biyu na fita musu da taɓarya.

To, ina da ƙawa. Daga Kudan aka kawo ta, shekara ɗaya aka kawo mu garin nan, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ita ta riƙe ni a haihuwata ta fari, ni na zauna da ita kwanakin takabarta. Mijinta mai ɗaga tuta ne a tasha. Mutumin kirki ne, ba zan ci naman mamaci ba, amma bai taɓa taka matakalar jirgin nan ba, daga ƙasa yake ɗaga masa ƙyalle. Ita kuwa Allah ya ba ta baki. In ta fara magana ko kaza sai ta daina tono.

Wata rana, lokacin saran rake, mai unguwa ya yi sallama a zaurena da baƙi: maza uku da wata yarinya mai tabarau, riƙe da 'yar na'urar ɗaukar magana. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Yarinyar ta ce za a ɗauke kan jirgin a kai shi wani wuri da ake tara tsofaffin jirage, a gyara shi, ya riƙa jan 'yan kallo. Ta ce za a kafa allo a rubuta sunayen waɗanda suka yi masa aiki, kuma duk wanda ya je zai danna wani abu ya ji labarinsu daga bakin iyalansu. Zuciyata ta yi fari. Na ce ashe Malam zai sake hawa jirginsa.

Sai ta matso da na'urar kusa da bakina.

"Iya, yaya sunan marigayin?"

Na ja mayafi na rufe fuska. A gidan da na tashi mace ba ta faɗin sunan mijinta, yana raye ko yana ƙasa. Uwata ba ta faɗa ba, kakata ba ta faɗa ba. Ko ɗan maƙwabta aka raɗa wa sunan, sai in laƙaba masa wani in riƙa kiransa da shi. Sai na yi yadda muke yi.

"Mai sunan limamin Gazara ne," na ce, "na da, mai farin jaki."

"To Iya, shi limamin yaya sunansa?"

"'Yar nan, ai in na faɗi nasa na faɗi nasa."

Mazan suka yi dariya. Mai unguwa yaro ne, an haife shi jirgi ya riga ya mutu, ya sosa ƙeya ya ce shi dai mai wuta ya sani. Ɗaya daga cikin baƙin ya yi magana da Turanci yana taɓa kansa da yatsa. Ban yi boko ba, amma na san an ce tsufa ya cinye mini tunani.

Ana cikin haka sai ga ƙawata, wai ta zo aron rariya. Rariyar da take da guda biyu. Ita da can tana kiyayewa kamar ni, amma da ta shiga makarantar matan aure malamarsu ta ce musu wannan al'ada ce, ba addini ba, tun daga nan harshenta ya warware. Ta zauna a tabarmata, ta karɓe baƙina. Daga azahar har la'asar tana zuba. Sau uku ta kira sunan mijinta, ina ƙirgawa, sau uku yarinyar ta rubuta.

Sun dawo sau biyu bayan nan, kuma ba su ko kalli ƙofata ba. Ta ramin katanga nake ganinsu. Aka kwashe mini shanya daga jikin jirgin, aka tsayar da ƙawata a gabansa, ta dafa shi kamar ita ta yi renonsa, aka ɗauke ta hoto. Yaran unguwa suka fara ce mata matar jirgi. Ni kuwa na kwanta da abin, na tashi da shi. Tuwo ya daina yi mini daɗi, ni da ƙawata muka daina gaisawa. Ina da 'ya tana aure a Paki, da na sa an buga mata waya da ta gaya musu sunan ubanta cikin numfashi ɗaya. Ban sa ba. Na ce in dai ba su dawo zaurena da ƙafarsu ba, ba zan aika musu da shi kamar saƙon daddawa ba. Haka hassada take, tana hana mutum shan ruwa don kada a ce a rijiyar wani ya gani.

Rana ta huɗu da daina gaisuwarmu ƙawata ta leƙo ta kan katanga.

"Ƙawa, lafiya? Kwana biyu ban ji turminki ba."

"Ai ku manya ba ku jin turmin talaka, matar jirgi."

"Oho, nan aka dosa? To ke wa ya ɗaure miki baki?"

"Wanda ya kwance naki."

Ta yi dariya har da tafi. Na ce, "Kin san sunan Malam sarai. Me ya hana ki faɗa musu?"

"Nawa suka tambaye ni, na ba su nawa. Naki naki ne. Ki ce in faɗa, yanzu in faɗa."

Na juya mata baya na shige ɗaki. In roƙe ta? Ita da ta zauna a tabarmata?

Kwana uku ma'aikata suka yi suna tono, suna cusa katako, suna zuba mai a ƙafafun da suka shekara da shekaru ba su juya ba. Aka sare reshen mangwaron tasha don hanya. Ranar ɗauka da hantsi sai ga motoci biyu masu ƙugiya, da wata tirela mai tayoyi kamar ƙafafun shanshani. Mutane suka zo daga Gubuchi, wasu har daga Ikara, masu rake da masu mazarƙwaila suka kafa kasuwa. Aka ajiye wa ƙawata kujera a inuwa, ta sha sabon leshi. Ni ina tsaye a jikin katangata, cikin 'yan kallo, kamar baƙuwa.

Kafin a ɗaura sarƙa yarinyar mai tabarau ta ce a ɗauki magana ta ƙarshe. Ta kamo hannun ƙawata ta ce, "Hajiya, nuna mana inda ake zuba wutar."

Ƙawata ta taka da yanga, ta je gaban jirgin, ta dafa zagayayyen murfin da ke goshinsa, ta ce, "Nan ne."

Ban san lokacin da na ratsa mutane ba.

"Ƙarya ne! Nan toka ake kwashewa. Wa ya taɓa ciyar da jirgi ta hanci?"

Na ce wa ma'aikata biyu su ɗaga ni, suka kama ni suka ɗora a ɗakin direba, gwiwoyina na ƙara. Na nuna wa yarinyar ƙofar wuta. Na nuna mata inda ƙarfen daɓe ya lotsa, wurin da Malam ke kafa ƙafar hagu ya juya da shebur. Na ce ba a jibga gawayi wuri ɗaya, watsa shi ake yi kamar iri, kusurwa kusurwa, in ba haka ba wuta ta shaƙe a hawan tudu. Na nuna mata mazaunin kwalbar da ake duba ruwa, wadda ta taɓa fashewa ta bar masa tabo daga wuyan hannu har gwiwar hannu, ni na yi jinyarsa da man shanu. Na ce a kan shebur ɗin nan yake gasa masara ya ba direba rabi. Ina magana yarinyar tana matso da na'ura, mutumin da ya taɓa kansa da yatsa ya sunkuyar da kai.

Da na numfasa ta ce a hankali, "Iya, don Allah, sunansa. Yau ne kaɗai ya rage."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan ya taso har maƙogwaro ya tsaya, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. A ƙasa masu ƙugiya sun tayar da inji. Na duba, ga ƙawata tsaye, kunyar kuskurenta ba ta gama sauka daga fuskarta ba.

"Ƙawa," na ce, "faɗa mata."

Ta kama kunne. "Na'am? Ƙarar inji ta yi yawa."

"Na ce ki faɗa mata, don girman Allah."

Sai ta gyara mayafi, ta matso, ta kira sunan Malam da na mahaifinsa, tiryan-tiryan, ba gargada. Yarinyar ta ce a maimaita, ta maimaita. Aka rubuta. Aka sauke ni, aka ɗaura sarƙa, jirgin ya tashi sama yana zubar da tsatsa da sheƙar tsuntsaye, mutane na kabbara. Ban kalli tafiyarsa ba. Bakin ƙawata nake kallo.

Bayan watanni yarinyar ta turo hoton allon a wayar jikata da ke zaune a wurina, aka karanta mini. Sunan Malam ne a sama, na mai tuta a ƙasa da shi. Ta turo da maganar da 'yan kallo ke ji. Bayanin wuta duk muryata ce, amma in an zo kan sunan sai tawa ta yanke, ta ƙawata ta shigo. Duk wanda ya je wurin nan, daga bakinta zai san mijina.

Mun koma gaisawa, tana aiko mini da miya, ina aika mata. Amma in gida ya yi shiru da rana nakan kira jikata in ce ta kunna mini wurin sunan. Ta kunna, in ce ta mayar baya. Shekara hamsin da wani abu ina ɗauke da sunan nan a ƙarƙashin harshe, ban taɓa sanin yana da daɗin ji haka ba sai a bakinta. Wannan ne ban yafe mata ba.